Gem ɗin da ba a cinyewa

Ƙanena ne ya zo da shi a laftof lokacin da aka ba su hutu daga jami'a. Ya ce gem ne da bai fi awa ɗaya ba, yana son ya ga yadda 'yan majalisarmu za su ƙare da shi. Majalisar tamu a gindin wani dogon yaro take a Mabera, daf da rumfar mai cajin waya, kuma mazaunanta ba baƙin gem ba ne. Akwai wanda tun zamanin PlayStation 2 yake kai kuɗin tararsa gidan gem don ya buga PES, gem ɗin ƙwallon ƙafa. Akwai 'yan Free Fire da PUBG, masu raba dare suna harbe-harbe a waya duk ranar da data ta samu. Cikin mako guda mutum bakwai suka zauna gaban laftof ɗin, ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina gefe ina kallon fuskokinsu fiye da yadda nake kallon allon.

Sunan gem ɗin Before I Forget. Wasu mata biyu a Birtaniya, Chella Ramanan da Claire Morley, suka yi shi a ƙaramin kamfaninsu 3-Fold Games, ya fito a 2020. Kai mai bugawa kai ne Sunita, wata masaniyar sararin samaniya da ciwon mantuwa ya kama tun ba ta tsufa ba. Ka buɗe ido a cikin gidanta, komai ya koɗe babu launi, kana neman mijinta Dylan, mai kaɗa fiyano. Ba bindiga, ba maki, ba abokin gaba. Abin da ke hannunka shi ne ka yi tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki kana taɓa kaya: wasiƙa, hoto, 'yar takardar da aka manna don tunatarwa. Duk abin da ka taɓa ya tayar mata da wani tsohon zance, sai launi ya malalo ya cika wannan kusurwar ta ɗakin. Inda Dylan yake kuwa, na bar wa wanda zai buga.

Na farkon da ya zauna, gwanin PES ɗin nan, bai kai minti goma ba ya ture laftof ɗin. Ya ce wa ƙanena, “Kai yaro, wanga ba gem ba na. Wa za ni ci? Mi anka ci, mi anka bari?”

Ba shi kaɗai ke da wannan ƙorafin ba a duniya, kuma ƙorafin ya girmi gem ɗin. Tun da Dear Esther ya fito kasuwa a 2012, wanda shi ma yawo ne kawai a wani tsibiri kana sauraron muryar wani mutum, 'yan gem suka laƙaba wa irin waɗannan wasanni sunan ba'a da ke nufin kwaikwayon yawo. Da zagi aka fara, daga baya sunan ya zauna, har masu yin su suka karɓe shi. A ganina mutuminmu bai yi wauta ba. Duk wasan da muka tashi da shi, daga dara da langa har ludo da karta, yana da ƙa'ida da abokin karawa da ƙarshen da za a ce wane ya ci. Wanda ya shekara ashirin hannunsa na koyon cewa ƙwarewa ita ke kawo nasara, ka miƙa masa abin da ƙwarewarsa ba ta da amfani a ciki, dole ya ji kamar an gayyace shi kokawa ya tarar da zaman makoki.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ke ƙara wa rigimar gishiri. A Steam, babbar kasuwar gem ta kwamfuta, ƙa'ida tun 2015 ita ce za a iya mayar maka da kuɗinka in ba ka wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga awa 2 ba. Gem mai awa ɗaya ke nan mutum na iya gama shi tas, ya share hawaye, ya nemi kuɗinsa. Masu ƙananan gem sun daɗe suna kuka da wannan. Shi kuma mai saye yana auna gem da awo irin na hatsi: awa nawa na samu a kuɗina? A wajenmu da ake biyan gidan gem wasa-wasa, wannan lissafin a jini yake.

Wanda ya fi ba ni abin tunani shi ne na uku, wani tela mai yawan haƙuri, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya bi gem ɗin a natse, yana karanta kowace takarda, har ya iso wurin da Sunita ta matsu tana neman makewayi. A nan gidan ke juya maka baya. Ƙofar da ka san ta makewayi ce ka buɗe ka ga wani wuri daban. Ka koma, ka sake buɗe wata, ka tsinci kanka inda ka baro. Muryar matar na ƙara rikicewa, kai kuma kana ƙara sauri. Tela ya dubi ƙanena ya ce gem ɗin ya lalace, a kashe a sake kunnawa. Da aka ce masa haka aka gina shi, sai ransa ya ɓaci da gaske. “To ai wanga zalunci na. Na san hanyar nan, wallahi na san ta. Yanzu na biyo ta.”

Na riƙe wannan maganar tasa, domin kusan kalma da kalma na taɓa jin ta a bakin kakata, tana tsaye tsakar gidan da ta shekara fiye da hamsin a ciki, tana neman ƙofar ɗakinta.

Abin da ya faru da tela yana da bayani. Tsakanin mai buga gem da gem akwai alkawarin da ba a rubuta ba: duniyar da aka saka ka a ciki za ta tsaya yadda take, in ka kasa laifinka ne, in ka koya za ka wuce. Da zarar ka shiga gidan Sunita ƙwaƙwalwarka ta fara zana taswirarsa ba tare da ka sani ba, kicin na hagu, matakala na gaba. Wani sashe can cikin ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira hifokamfus shi ke da babban rabo a wannan aikin. A 1971 John O'Keefe, a Landan, ya gano cewa a ƙwaƙwalwar ɓera akwai ƙwayoyin da ba sa motsawa sai dabbar ta iso wani takamaiman wuri, kamar kowane lungu da mai gadinsa. Wannan binciken ne ya kai shi ga lambar Nobel a 2014, tare da May-Britt Moser da Edvard Moser na ƙasar Nowe. Wannan yankin na ƙwaƙwalwa kuma yana cikin wuraren da cutar Alzheimer, wadda ta fi yawa cikin ciwon mantuwa, ke fara ci. Shi ya sa ɓacewa a hanyar da aka sani, hanyar masallaci ko ta gidan ɗiya, ke cikin alamun farko. Har wani gem na waya aka yi a 2016, Sea Hero Quest, inda mutane miliyoyi suka tuƙa jirgin ruwa a cikinsa, masu bincike na tattara bayanin yadda ɗan Adam ke gane hanya don su san inda lafiya ta tsaya da inda ciwo ya fara.

Masu Before I Forget ba su iya taɓa ƙwaƙwalwar tela, sai suka taɓa gidan. Taswirar da ke kansa daidai take, ginin ne aka sauya masa a ɓoye. Mai ciwon kuwa gininsa na nan, taswirar ce ke gogewa. Amma daga ciki, a wurin wanda abin ke faruwa da shi, ɗanɗanon ɗaya ne: ka tabbata kana da gaskiya, duniya ta ce ba ka da ita. Daga nan ake samun fushin da masu jinya suka sani sarai, da zargin cewa an sace kuɗi, an ɓoye carbi, an sauya wa mutum ɗaki. Tsohuwar da ta ce jikarta ta ɗauke mata goro ba sharri take ƙullawa ba. Ta ajiye, ajiyewar ba ta zauna a kanta ba, goro kuma babu shi inda take zato, to wane bayani ya rage mata in ban da hannun wani?

Don haka in an tambaye ni wa ya fi fahimtar gem ɗin a majalisarmu, tela zan nuna, duk da shi ne ya tashi yana tsaki bai ƙarasa ba. Waɗanda suka ce labarin ya ba su tausayi kallon Sunita suka yi daga waje. Shi na 'yan mintoci ya zama ita.

Mantuwa ba baƙuwa ba ce a gem, kuma wannan na cikin abin da ya rikita sauran. An daɗe ana buɗe labari da jarumin da ya farka bai san ko shi wane ne ba. Haka Planescape: Torment ya fara a 1999, haka Amnesia: The Dark Descent a 2010, haka Disco Elysium a 2019, inda ɗan sanda ke farkawa bayan maye ya manta har sunansa. Dabara ce mai sauƙi: tunda mai bugawa bai san komai game da duniyar ba, a sa jarumin ma bai sani ba, sai su koya tare. A irin wannan, mantuwa rami ce da ake cikewa. Kana gaba kana tsintar abin da ya ɓace, ƙarshe ka san kanka. Ɗaya daga cikin 'yan Free Fire ɗinmu da wannan tsammanin ya shiga, yana ta tambaya ko in ya taɓa duk kayan gidan matar za ta warke. Ba za ta warke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan larura sun haura miliyan 55, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki suke, kuma Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 na masu ita. Tun da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana ta a 1906 har yau ba a samu maganin da ke mayar da abin da ta cinye ba.

A nan ne ma nake da ƙorafina a kan gem ɗin. Launin nan da ke dawowa in ka taɓa kaya lada ne, ko an so ko ba a so ba. Yana sa ka ji kana gyara wani abu. Na fahimci dalilinsu, domin in ba a ba mai bugawa komai ba zai tashi tun minti biyar. Amma a gida launin ba ya zama. Ka nuna wa tsohuwa hoto yau ta gane, ta yi dariya, ta ba ka labarin bikin, gobe ka nuna mata ta tambaye ka su wane ne waɗannan.

Duk wannan kuwa bai kai abin da matar yayana ta faɗa ba. Ita ba ta zama majalisa, sai ƙanena ya kai mata laftof ɗin cikin gida bayan isha'i, wuta ta ɗauke, zafin watan Afrilu ya kori kowa zuwa tsakar gida. Ita ke kula da Kaka shekara huɗu ke nan: wanka, abinci, canjin shimfiɗa, da tsaron ƙofa kada ta fice da asuba ta ce za ta ɗebo ruwa a rijiyar da aka cike tun kafin a haife ni. Ta buga har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Wurin makewayin ma bai girgiza ta ba, ta ce wannan kullum ne. Da ta gama sai ta ce, “To ina mutanen gidan? Wagga baiwar Allah ba ta da kowa na? Ba ɗiya, ba ƙanne, ba maƙwabta?”

Tambayar ta buɗe mini abin da ban lura da shi ba. Kusan duk gem ɗin da aka yi kan wannan ciwo, har da Ether One na 2014 da ke saka ka yawo cikin tunanin wata mai larurar, a kan siffa ɗaya aka gina su: mutum shi kaɗai, wuri babu kowa, tarihin rayuwa a warwatse cikin takardu da hotuna. Wani ɓangare na dalilin na sana'a ne, domin ƙaramin kamfani ba shi da kuɗin zana mutane masu motsi da magana, ɗaki da kaya sun fi araha. Wani ɓangaren kuma rayuwarsu ce, inda tsoho kan zauna shi kaɗai a gidansa. A Sakkwato tarihin tsohuwa ba a aljihun tebur yake ba. Kaka ba ta da wasiƙa ko ɗaya. Abin da ta sani a bakin mutane yake da kuma cikin gaisuwa: wa ya haifi wa, wa ya auri ɗiyar wa a Kanwuri, gonar wa ke iyaka da tamu a hanyar Wurno. Ita ce ake zuwa tambaya in za a yi aure a san ko akwai nono tsakani. Ranar da ta fara mantuwa, ba ita kaɗai ta yi hasara ba, zuri'a guda ce ta rasa ma'ajiyarta.

Alamun ma ta wata ƙofar suke shigo mana. Ba takardar da aka manna a firij ba ce ke tona ciwon. Sallah ce: ta yi azahar sau uku, ko ta tsaya a raka'a ta biyu ta rasa inda take. Gaisuwa ce: ta tambayi baƙo lafiyar mahaifinsa da ita da kanta ta je ta'aziyyarsa. Sannan ga wanda ya fi ci mini rai. Kowa ya san wasan kaka da jika, ta kira ka mijinta, ta ce ba ka kawo cefane ba za ta kai ƙararka. Tun ina yaro haka muke da ita. Saboda wannan wasan muka yi wata da watanni ba mu gane ba, domin duk lokacin da ta ce mini “maigida” dariya ake yi. Sai ranar da ta rufe kanta da mayafi da na shigo, ta sunkuyar da kai, ta ƙi faɗin sunan da take kirana da shi tun ina cikin zane. Kunyar miji take ji da gaske. Ban san wani gem da ya kama irin wannan ba, inda al'adar da ke haɗa ku ita ce ta ɓoye muku ciwon.

Abin mamaki ga wanda bai saba ba shi ne abin da ya rage mata. Ba ta san ta ci tuwo ɗazu ba, amma surorin da ta haddace a makarantar allo suna nan daram, haka waƙoƙin wa'azi da ta koya wurin tsofaffin mata, irin karatun da ya gangaro tun daga 'yan taru na Nana Asma'u. Wani masani Bafaranshe, Théodule Ribot, ya rubuta wannan tun 1881: sabon tunani ke fara tafiya, tsoho ya jima. Hannu kuma nasa ma'ajin daban ne. Henry Molaison, Ba'amurken da aka yi wa tiyata a 1953 don farfaɗiya aka cire masa mafi yawan hifokamfus ta gefe biyu, ya rayu har 2008 ba ya iya riƙe sabon abu. Duk da haka da Brenda Milner ta sa shi zana tauraro yana kallon madubi, kullum hannunsa na ƙara ƙwarewa, shi kuwa bai tuna ya taɓa gwadawa ba. Kaka in aka ajiye mata ƙwarya da ludayi, furar da za ta dama ba wadda ta isa ta dama irinta a gidan, ko da ba ta san sunan wadda ta miƙo mata nonon ba.

Mu a nan gigin tsufa muke cewa, ko a ce tsufa ya rikita ta, an ɗauke mata alƙalami. Malamai kan jawo ayar Suratun Nahli da ta Suratul Hajji kan wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kuma Annabi (SAW) ya nemi tsari daga wannan matakin. Wannan fahimtar na da rahama a cikinta, domin tana hana a ga laifin tsoho. Illarta ita ce takan sa a naɗe hannu. Ba kowace rikicewa ce Alzheimer ba. Hawan jini da ƙananan shanyewar jiki na lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma ana iya rage ɓarnarsu. Ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, har ciwon sanyin mafitsara kan rikita tsoho, kuma waɗannan ana maganinsu. Wanda ya rikice cikin kwana biyu ba ɗaya yake da wanda ya shekara uku yana zamewa a hankali ba. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin gari, ga na ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, amma da yawa sai an gama zagayen hayaƙi da rubutu, an zargi iska, an zargi kishiya, kafin a tuna da su. Ciwon ma ba na Turawa ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka. Tun 1992 likitocin Ibadan da na Indiyanafolis a Amurka suka fara bin tsofaffin garuruwan biyu, suka tarar akwai shi a Ibadan, sai dai bai kai yawan na baƙaƙen fatar Amurka ba.

Bayan kwana uku tela ya dawo majalisa ya ce a kunna masa daga farko. Ƙanena ya tuna masa cewa ƙofofin nan za su sake yi masa abin da suka yi. Ya ce ya sani. Da ya iso wurin bai yi sauri ba, ya bar matar tana buɗe ƙofa tana rufewa, hannunsa kawai ke rawa a kan madannan. Ya gama, ya rufe laftof ɗin da kansa, ya tambaye ni wane likita muke kai Kaka wurinsa, domin kawunsa da ke Gawon Nama sau biyu ke nan ana tsinto shi a bakin Tsohuwar Kasuwa yana neman rumfarsa.

Da na shiga gida da magariba na tarar da Kaka a kan tabarma, matar yayana na yanke mata farce. Ta ja mayafi, ta kawar da kai gefe, ta ce a hankali, “Maigida, ka dawo? Ina goron da ka ce za ka sawo min Illela?” Na ce mata yana cikin jaka, sai an yi sallah. Matar yayana ta miƙo mini ɗaya ta bayan hannu daga ƙullin da take ajiyewa don irin haka.